Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jagorar Kula Da Gansakuka A Tafkunan Kudancin Kano

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu, ya karya ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ya sha ganin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Za ka iske kududdufai biyu kusa da juna, damina ɗaya ta cika su, rana ɗaya take dukan su. Ruwan ɗaya kore ne mai haske, kifi na wasa a ciki. Ɗayan kuwa ya yi kauri kamar miyar kuka, samansa kamar an zuba fenti, warinsa na tarar ka tun daga nesa. In ka tambaya, sai a ce maka taki ne ko kashin shanu ya gangara ciki. Wannan gaskiya ne, amma rabinta ce. Sauran rabin yana ga bakunan da ke cikin ruwan: wa ke cin gansakuka, wa kuma ke cin mai cin ta.

Tafki makiyaya ce. Gansakuka ita ce ciyawa, akwai masu kiwo, akwai kuma mafarautan da ke rage masu kiwon. Wanda ya gane wannan zai iya juya ruwansa da hannunsa, ba tare da ya sayi kwalbar magani ko ɗaya ba.

Ruwan da ake magana a kai

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tare Kogin Kano a ƙasar Bebeji, ruwanta ya malale fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, har ya taɓo ƙasar Tudun Wada da arewacin dajin Falgore. Tsakiyar Tiga tana da zurfi, ba ita jagorar nan ta dosa ba. Abin da ya shafe mu shi ne ruwa marar zurfi, wanda bai wuce mita ɗaya zuwa uku ba: lungunan gefen Tiga da na tafkin Bagauda, ƙananan madatsun ƙauyuka a Kiru da Bebeji, ramukan da aka bari bayan ɗibar ƙasar hanya ko ta bulo, da tafkunan ƙasa na masu kiwon kifi. A irin wannan ruwa hasken rana yana kaiwa kusan ƙasa, iska tana motsa laka, kuma duk abin da ya sami baki ɗaya, kafin mako biyu ya nuna a launin ruwan.

Mataki na farko: san irin gansakukarka

Kalma ɗaya muke da ita, amma abubuwa huɗu take rufewa, kuma kowanne da mai cin sa.

Ta farko ita ce ƙanana ƙwarai da ido ba ya rarrabewa, masu shawagi cikin ruwa suna ba shi launin kore ko ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan ita ce alheri. Ita ce tushen abincin duk wani mai rai a tafki.

Ta biyu ita ce mai tasowa sama da hantsi ta yi kamar fenti, kore mai ratsin shuɗi. Masana sun tabbatar cewa wannan dangin ƙwayoyin bakteriya ce da ke rayuwa da hasken rana. Fitacciya a cikinsu ita ce Maikurosistis, wadda ke dunƙulewa cikin wani yauƙi, kuma wasu irinta suna fitar da dafi mai lalata hanta. A 2020 hukumomin Botswana sun ɗora alhakin mutuwar giwaye sama da 300 a kan dafin irin wannan gansakuka a wuraren shan ruwa.

Ta uku mai zare ce, kamar gashi ko saɓin auduga, tana farawa daga ƙasa ta taso ta yi tabarma. Ta huɗu ita ce santsin da ke manne a jikin dutse, kara, gindin bado da kachala.

Ga gwaji mai sauƙi. Ɗebi ruwan a farar kwalba, ka ajiye a inuwa ya kwana. Da safe, in koren ya kwanta a ƙasa ko ya tsaya a gauraye, mai kyau ce. In ya taru a wuyan kwalbar ya yi zobe, mai fenti ce. Sannan ka tsoma sanda cikin tafkin: in ta fito da zare yana reto, ta uku ce, in ta fito kamar an tsoma ta a bokitin fenti, ta biyu ce, kada ka bar dabba ta sha, kada yara su shiga.

Mataki na biyu: san masu kiwo

Mafi muhimmanci a cikin masu kiwo su ne waɗanda ba a kula da su. Bayan magariba, ka je bakin ruwa da tocila da bokiti da farin ƙyalle mai laushi. Ka tace bokiti biyar ta cikin ƙyallen, ka wanke abin da ya maƙale a cikin kofin gilas, ka haska ta gefe. Za ka ga wasu ɗigo-ɗigo, girmansu bai kai ƙwayar gero ba, wasu na tsalle kamar ƙuma, wasu na zabura su tsaya, wasu kamar ƙura mai motsi. Waɗannan ƙwarin ruwa su ne garken tafki. Dare da rana suna tace ruwa suna haɗiye ƙananan gansakuka, su kuma su ne nonon 'ya'yan kifi. Masu ƙyanƙyasar kifi sun san ɗaya daga cikinsu da sunan Moina, har kiwon sa suke yi don ciyar da 'ya'yan tarwaɗa. An fi samun ƙwarin da dare ne domin da rana suna sauka ƙasa gudun idon kifi.

Sai dai bakinsu ƙarami ne. Suna cin mai laushi su bar mai zare da mai dunƙulen yauƙi. Duk wanda ya ga burtalin da dabbobi suka yi wa yawa ya san ƙarshen wannan: ciyawa mai daɗi ta ƙare, tumfafiya da tafasa su gaje wurin. Haka yake a ruwa. Kiwo ba yawan gansakuka kaɗai yake canzawa ba, har irin wadda za ta yi sarauta shi yake zaɓa.

Mai kiwo ta biyu ita ce karfasa. Babbar karfasa tana tace ruwa da majinar da ke maƙogwaronta, tana kuma kankare santsin jikin kara da dutse. A tafkin George na ƙasar Uganda, wanda matsakaicin zurfinsa bai wuce mita biyu da rabi ba, masu bincike sun yi shekaru suna aiki daga ƙarshen shekarun 1960, kuma a 1973 Moriarty ya nuna cewa cikin karfasa yana fitar da ruwa mai tsananin tsami da ke fasa ƙwayoyin gansakuka mai fenti har ta narke. Ke nan karfasa tana cin abin da ƙwarin ruwa suka kasa.

Amma karfasa wuƙa ce mai kaifi biyu. 'Ya'yanta ƙwarin ruwa suke ci. Kashinta taki ne da ke komawa cikin ruwa nan take. Namijinta yana tona ƙasa ya yi gurbin ƙwai, yana tayar da laka. Karfasa manya daidai kima suna gyara ruwa; dubban ƙanana da suka cushe suna ɓata shi.

Sauran masu kiwo su ne talibambam da dodon koɗi, masu lasar santsi, da bargi mai tace laka da ruwa. Game da dodon koɗi, a yi hattara: wasu ƙanana daga cikinsu su ne masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ta daɗe tana damun yara a yankunan noman rani na Kano. Ba mai kiwon da za a yi maraba da shi ba ne.

Mataki na uku: san mafarauta

Mafarautan ruwanmu su ne tarwaɗa, ramboshi, ragon ruwa, tsage, tufi da giwan ruwa, sai zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi. A samansu duka akwai masunci.

Sarƙar kuwa ga yadda take: mafarauci ya rage ƙananan kifi, ƙwarin ruwa su sami sarari su yawaita, su rage ƙananan gansakuka, ruwa ya yi haske. In aka kwashe mafarauta, sai abin ya juya: ƙananan kifi su cika, su cinye ƙwarin, gansakuka ta rasa mai taɓa ta. Masanin ƙasar Cek, Hrbacek, ya nuna haka a tafkunan kifi a 1961, sannan Brooks da Dodson suka nuna a Amurka a 1965 cewa kifi manyan ƙwarin yake fara tsincewa ya bar ƙanana. Daga nan Turawa suka riƙa gyara tafkunansu ta hanyar kwashe ƙananan kifi da zuba mafarauta.

Kada mu kwafi wannan ido rufe, domin ruwanmu ba irin nasu ba ne. A can kifi sau ɗaya yake haihuwa a shekara, kuma suna da wani babban ƙwaro mai suna Dafniya da ke iya share tafki cikin 'yan makonni. A nan karfasa tana iya haihuwa kusan duk wata in ruwa na da ɗumi, uwar tana riƙe ƙwai da 'ya'ya a bakinta har su yi ƙwari, don haka kusan kullum akwai ƙananan bakuna a ruwa. Shi ya sa ƙwarin ruwanmu ƙanana ne, ƙarfinsu bai kai na can ba. Darasin shi ne: a ƙasa mai zafi ƙwari kaɗai ba za su iya ba. Dole a haɗa uku: a rage takin da ke shiga, a bar manyan karfasa su yi kiwo, a sa mafarauci ya tsare yawan 'ya'yansu.

Kada kuma a ɗauka kowane mafarauci alheri ne a ko'ina. An saka giwan ruwa a tafkin Biktoriya a shekarun 1950. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'o'in ƙananan kifi kusan 200 suka ɓace ko suka kusa, cikinsu har da masu cin gansakuka da ruɓaɓɓen abu. Wannan ya haɗu da takin da ke gangarowa daga gonaki da birane, ruwan ya ƙara duhu. Kada ka kawo baƙon kifi ruwan da bai san shi ba, musamman ruwan da ambaliya za ta iya haɗa shi da kogi.

Mataki na huɗu: auna kafin ka taɓa

Awo uku sun ishe ka, sau ɗaya a mako, kana rubutawa a littafi.

Na farko, hasken ruwa. Wajen ƙarfe goma na safe ka tsoma hannunka a miƙe, tafin yana kallon sama. In tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, wato kimanin santimita 30 zuwa 40, ruwan ya yi daidai ga kiwon kifi. In ya ɓace tun ruwa bai wuce tsakiyar sangalin hannu ba, koren ya yi yawa. In kana ganin sa har ruwa ya kai kafaɗa, abinci ya yi kaɗan, kuma mai zare ta kusa tasowa. Wanda ya fi son daidaito, ko yake tsoron tsargiya, ya sami murfin bokiti ya shafa masa fari da baƙi, ya ɗaura igiya mai alamar santimita. Faifai mai kama da wannan ne masana suke aiki da shi tun da Angelo Secchi ya gwada nasa a 1865. Ka kuma lura da launi: ja ko ruwan kunun kanwa laka ce, ba gansakuka ba.

Na biyu, ziyarar asuba. Da rana gansakuka tana cika ruwa da iskar oksijin, da dare kuma ita ma shaƙa take yi. Don haka lokacin da iska ta fi ƙaranci shi ne daf da fitowar rana. Bayan sallar asuba ka leƙa. In ka ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki, kuma ko ka tafa ba su nutse ba, ruwan ya kai gaɓar haɗari.

Na uku, jifan birgi. Jefa sau uku a wurare daban-daban, ka shimfiɗa abin da ka kama. In akwai manya da matsakaita da ƙanana, da mafarauci ɗaya ko biyu, tafkin lafiya lau yake. In duk karfasa ce tsawon ɗan yatsa, manyan idanu, ramammen jiki, har wasu da ƙwai a baki, to sun tsumbure: sun yi wa abincinsu yawa, kuma babu mai rage su.

Mataki na biyar: gyara

In ruwa ya yi kauri kuma ƙananan karfasa sun cika, fara da tsayar da duk wani taki, ka rage abincin da kake zubawa. Sannan ka ja taru a gefe-gefe sau biyu a mako, ka kwashe ƙanana ka mayar da manya. Ƙananan ba asara ba ne, ana shanyawa a sayar ko a niƙa a abincin kaji. Bayan haka ka zuba mafarauci. Ga mai tafkin ƙasa, ka fara da karfasa ɗaya zuwa biyu a kowace murabba'in mita, da tarwaɗa ɗaya ga karfasa biyar zuwa goma, sannan ka ƙara ko ka rage bisa ga abin da birgi ya nuna maka. Sharaɗin shi ne karfasa su riga shiga da wata ɗaya ko biyu, su fi ƙarfin bakin tarwaɗar, don ta ci 'ya'ya ta bar iyaye. Tarwaɗa in ta yi yawa ita ma tana dama laka.

In mai fenti ce ta taso, ka jira iska ta tara ta a lungu ɗaya, ka kwashe da ƙyalle ko buhu, ka binne nesa da ruwa. In kana da hanyar shigar da sabon ruwa, ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu, ka bar na saman ya fita. Kada ka zuba maganin da zai kashe ta gaba ɗaya a rana ɗaya. Gawarta za ta ruɓe ta shanye iskar ruwan, dafin da ke cikinta ya fito, ka wayi gari kifi na yawo ciki sama.

In mai zare ce, ruwan ya cika haske ko gefensa ya cika faɗi marar zurfi. Ka janye ta da manjagara, ka zurfafa gefen ya kai aƙalla rabin mita, sannan ka rataya buhun busasshen kashin kaji ko na shanu a lungu, har ruwan ya yi koren da zai hana haske kaiwa ƙasa. Da hannu ya ɓace a gwiwa, ka ciro buhun.

Akwai kuma dabarar ƙara wa karfasa makiyaya. Masuntan tafkin Nokuwe a Jamhuriyar Benin sun daɗe suna kafa rassan itace a ruwa marar zurfi, suna kiran abin akaja. Santsi ya fito a jikin rassan, kifi ya taru yana kiwo. Kai ma ka kakkafa busasshen gora ko rassa a kashi ɗaya na tafkinka. Takin da santsi ya shanye, mai fenti ba za ta same shi ba. Ka guji magimfa da aduwa, dukansu suna kashe kifi.

Ga mai rainon 'ya'yan kifi, tsarin a juye yake. Ka busar da tafki, ka tace ruwan da zai shiga don kada kwaɗi da baƙin kifi su biyo, ka sa taki kaɗan, ka jira mako ɗaya zuwa kwana goma. Sai kofin gilas ya nuna maka ƙwari sun yi yawa sannan ka zuba 'ya'yan.

Tafiya da lokaci

Ruwan farko na Mayu da Yuni shi ne mafi haɗari. Yana wanke kamfa da yuriya daga gonakin masara da shinkafa na Doguwa da Tudun Wada, da kashin dabbobi, ya zuba a kwari, yana kuma iya juyo da ruɓaɓɓen ruwan ƙasa zuwa sama. Kafin ya sauka ka yi kunya ta kewaye tafki, ka bar ɗamarar ciyawa mai faɗin taku biyar zuwa goma ba tare da noma ba. A tsakiyar damina laka ce ke sarauta, ba a sa taki. Da kaka ruwa ya kwanta, lokacin zuba kifi da kafa gora ke nan. Da hunturu sanyi yana rage wa karfasa ci da haihuwa, hazo yana rage haske, sai a rage abinci. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce kakar mai fenti: ruwa ya ja baya, taki ya taru, zafi ya tsananta. A nan ne ake rage kifi, ake kuma leƙa tafki kowace asuba. In da hali, a ware wa dabbobi mashaya a gefe guda, ko a ɗebo musu a kwami, don kada su tsaya cikin ruwan suna kashi.

Ruwan da ba na mutum ɗaya ba

Duk abin da aka faɗa yana da sauƙi a tafkin mutum ɗaya. A Tiga da Bagauda da madatsun ƙauyuka kuwa, hannu da yawa ne a ciki. Kalli da mamari manyan kifi suke fara ɗauka, cikinsu har da mafarauta da manyan karfasa, wato bakuna biyun da ruwa ya fi buƙata. Jan gidan sauro a gefe yana kwashe 'ya'yan kowane kifi ba zaɓi. Zuba guba kuwa yana kashe har ƙwarin ruwa, kuma gansakuka ita ce ke fara farfaɗowa, ta tarar babu mai cin ta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba da abin fashewa, amma doka ba ta kwana a bakin ruwa. Sarkin ruwa da masunta su ne suke kwana a can.

Ruwan Tiga shi ne ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, daga cikinsa kuma birnin Kano yake sha. Saboda haka ina kira ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su zauna da dagatai da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su tsayar da abu uku: a daina aiki da raga mai ƙananan idanu, a keɓe wasu lunguna da ba a su a cikinsu lokacin haihuwar kifi da damina, a kuma bar ciyawa a bakin ruwa. Malaman makarantun sakandare su kai ɗalibai bakin tafki da ƙyalle da kofin gilas, su ga garken da idonsu.

Kai kuma mai tafki, tun daga gobe ka fara: hannu a ruwa da hantsi, ido a ruwa da asuba, birgi sau ɗaya a mako. Ranar da ka ga launi ya canza, kafin ka tambayi abin da ya shiga ruwan, ka tambayi bakin da ya fita daga cikinsa.